Karayar Arziki a Maraɗi, daga Zauren Alƙali zuwa Takardar Banki

Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a birnin Maraɗi, ko a Bagalam ne, ko Mokoyo, ko Limanci, ko can sababbin unguwanni irin su Ali Ɗan Sofo, ya san cewa bayan an yi wa mamaci sutura, tun jama'a ba su watse ba, akan sami wani dattijo daga cikin dangi ya ɗaga murya ya yi shela, ya ce duk wanda ya san yana bin marigayi wani abu, kome ƙanƙantarsa, ya zo ya sami wane, wanda kuma marigayi yake bi ya dubi Allah ya kawo. An saba da jin wannan shela har ba a cika tsayawa a yi tunani a kanta ba, alhali kuwa a cikinta aka dunƙule dukkan abin da mutanen ƙasar nan suka ɗauki bashi. Asalinta sananne ne ga ɗalibai, domin an ruwaito cewa an taɓa kawo gawar wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ji ana bin mutumin bashi bai kuwa bar abin biya ba, sai ya dakata da yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan. Saboda haka ne ba a zartar da wasiyya, ba a raba gado, sai an fid da bashi tukuna. To, mutanen da suka tashi a kan cewa kabari ma ba ya kankare bashi, ƙaƙa za su ji daɗin zancen abin da ake yi a Amurka, inda mutum zai tafi kotu bisa dokar 1978, ya miƙa abin da doka ta ce ya miƙa, bayan 'yan watanni a ba shi takarda cewa galibin basussukansa sun faɗi, ya fita ba mai ikon tare shi a hanya? Wannan hukunci daga Ingila ya samo tushe, inda tun 1705 aka soma yafe wa ɗan kasuwa mai gaskiya ragowar abin da ake binsa, sa'an nan a 1869 aka kusan daina ɗaure mutane saboda bashi. Mu namu tarihin wata hanya ya bi dabam.

Bahaushe yana da kalmomin rashi da yawa, bai kuwa zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Talaka dabam, matsiyaci dabam, wanda fatara ta kama dabam. Amma mutumin da ya taɓa juya dukiya, aka amince da shi aka ba shi kaya lamuni, sa'an nan aka wayi gari abin da ake binsa ya rinjayi abin da ke hannunsa, shi ne ake cewa ya karye. Kalmar tana da zafi, amma akwai sauran fata a cikinta, gama karaya ɗora ta ake yi. Malamai kuma muflisi suke ce masa, daga fulus, watau 'yan ƙananan kuɗin tagulla, wai mutumin da zinariya da azurfa suka guje shi suka bar shi da tarkacen canji. Hukuncin da alƙali ke yi masa shi ne taflisi.

Sarautar Maraɗi, kamar yadda aka sani, gudun hijira ne ya kafa ta. Bayan da mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Birnin Katsina wajen 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi ta gararamba a arewa har Ɗan Kasawa ya zauna a bakin Gulbi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa kuma, bayan an kashe sarkinsu Ali tare da Sarkin Katsina Rauda a yaƙin Gawakuke a 1836, suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, tafiya kaɗan daga Maraɗi. Daga nan aka yi ta kai wa juna hari da mutanen Sakkwato da Katsina kusan har ƙarshen ƙarnin, musamman a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta har wajen 1875. Amma abin lura a nan shi ne, ko da yake takubba sun saɓa, littattafai ba su saɓa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, su ne dai abin karatun malamai a ɓangarorin biyu, mazhabar Imamu Malik ce kuma take hukunci a kan ciniki ko'ina, ta yadda falken da ya ɗauki turkuɗi lamuni a Kano ya zo ya karye a Maraɗi, in dai gaban malami aka kai shi, amsar da zai ji ita ce wadda da zai ji a can.

Ya kamata a tsaya a kan wannan amsa, domin mutane da yawa suna zaton shari'a ba ta ce kome ba a nan sai dai a yi haƙuri, alhali babi ne guda mai rassa. Da zarar bashi ya kewaye dukiyar mutum, tun ma ba a je gaban alƙali ba, masu binsa suna da ikon hana shi kyauta da sadaka da 'yanta bawa, gama abin da ke hannunsa a haƙiƙa ba nasa ba ne kuma. In suka kai ƙara, aka tabbatar bashin da ajalinsa ya yi ya fi abin da ya mallaka, sai alƙali ya ɗaure masa hannu daga saye da sayarwa a cikin wannan dukiya, kuma nan take duk bashin da ke kansa mai ajali ya zama na yanzu, don kada wanda lokacinsa bai yi ba ya zo ya tarar an share tukunya. Sai a sayar da kayansa yana wurin, a gaggauta da dabbobi tun ba su rame ba, a jinkirta da gida da fili kamar wata biyu don a sami mai saye da daraja, a raba abin da aka samu tsakanin masu bi, kowa gwargwadon nasa: in ana binsa zambar ɗari na wuri aka sami hamsin, mai bin ashirin ya karɓi goma, mai bin goma ya karɓi biyar. Mutum biyu ne ke shiga gaban sahu. Na farko wanda ke riƙe da jingina a hannunsa, na biyu wanda ya sayar wa muflisi da haja ba a biya shi ba, ya kuma tarar da ita yadda take, to yana da zaɓi ya ɗauki abinsa. Malikawa suka ce wannan gata a taflisi yake, amma in mutuwa mutumin ya yi, mai haja ya bi layi kamar kowa. Matar muflisi ma, in akwai ragowar sadakinta, tana shiga rabo tare da sauran masu bi, amma akuyarta da tasoshinta da abin da ta zo da shi daga gidan ubanta ba mai taɓawa, domin aure bai haɗe dukiyarta da tasa ba.

Abin da ake bar masa kuwa kaɗan ne, amma an ambace shi a fili: abincin da zai ci shi da iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai sami sauƙi, da tufafin da za su rufa jiki bisa al'ada. Gidan da yake ciki ana sayarwa, littattafansa ana sayarwa ko da malami ne, rigar Juma'a ma in mai tsada ce ana sayarwa. A kan kayan aikin mai sana'a, kamar uwar maƙera da guduma, ko allura da almakashin maɗinki, malaman mazhaba suka yi taraddudi. Ba a sayar da ɗa saboda bashi, ba a kuma tilasta masa ya yi ƙodago ko ya ci wani bashi don ya biya. Wanda ba a san halinsa ba ana tsare shi har a bincika, wanda aka san yana da shi ya ɓoye ana tsare shi a kuma hore shi har ya fito da shi, amma wanda shaidu suka tabbatar ba shi da kome, ya kuma rantse, sai a sake shi a jira shi, bisa umarnin aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa mai ƙunci, ta kuma kwaɗaitar da a yafe masa. Ragowar bashin yana nan a wuyansa, ba alƙalin da ya isa ya goge shi sai mai shi. Sai dai akwai wata hikima da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ita ce ɗorin da shari'a ta tanadar wa wannan karaya: in bayan an raba kayansa wasu mutane suka sake ba shi lamuni ya koma kasuwa, masu binsa na farko ba su da hannu a cikin wannan sabuwar haja, sai dai in gado ya ci ko kyauta aka yi masa. Ba don haka ba, da ba wanda zai sake ba karyayye ko ƙwaryar goro. Magabata sun san wannan babi tun farko, gama a cikin Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u mutumin Juhaina, mai sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isa, wanda Sayyidina Umar ya yi shela a kansa cewa masu binsa su zo da safe a raba musu abin da ya rage.

Wannan shi ne abin da ke cikin littafi. Abin da ke cikin gari kuwa ya ɗan bambanta, domin kai mutum gaban alƙali a kan bashi tonon asiri ne, tonon asiri kuma a wurin ɗan kasuwa ya fi asarar jari ciwo. Fatauci duka a kan amana aka gina shi: maigidan da baƙo ya sauka a wurinsa shi ke tsaya masa, dillali shi ke shaida ciniki, madugu shi ya san wanda ya ɗauki kayan wa. In mutum ya karye, waɗannan su ke zama a zaure bayan sallar isha'i, a kira masu bi ɗaya ɗaya, wannan ya yafe rabi, wancan ya ƙara wa'adi zuwa dawowar ayari, wani ɗan'uwa ya sayar da doki ya toshe bakin wanda ya fi kowa hayaniya. Ga kuma masu sarauta, irin su Ƙaura da Durbi da 'Yanɗaka da Galadima, waɗanda talaka ba ya ma mafarkin kai su ƙara, kuma wanda ya fake a inuwarsu ya sha. A ƙauyukan Azna na cikin kwarin Gulbi, inda gonar gandu ta gida ce gaba ɗaya, ba ta mutum guda ba, bashin ɗa a kan maigida yake faɗawa, a biya da damman hatsi ko da dabba, ƙasa kuwa ba a sayar da ita. Akwai kuma waɗanda suka fi kowa shan wuyar karayar da ba tasu ba, watau bayi, domin a lissafin wancan zamani dukiya ne, ana jinginar da su ana sayar da su a biya bashin ubangijinsu, in banda kuyangar da ta haifa masa ɗa. Wannan ƙofa ba ta rufu a doka ba sai da Faransa ta fid da hukuncin 1905 na hana cinikin mutane a ƙasashen da take mulki.

Zuwan Nasara ya canja kuɗin, ya kuma canja masu bin bashin. Aka kau da wuri, aka ce haraji da tamma da dala za a biya, sa'an nan tun daga shekarun 1930 gyaɗa ta zama ita ce hanyar samun waɗannan kuɗi, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Kano tun 1911 yana jiran buhuna. Manyan kantunan Turawa, irin su CFAO da SCOA, ba su san ƙauye ba, ba su kuma jin Hausa sosai, saboda haka sai suka riƙa ba wasu amintattun mutanen gari kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su bazu kasuwannin ƙauye da sikeli, wani lokaci ma su ba manomi kuɗi tun gyaɗa tana ƙasa. Sarƙa ce doguwa, kowane ƙulli a cikinta bashi ne, kuma in damina ta yi gardama ko farashi ya faɗi, tsinkewar daga ƙasa take farawa ta hau sama. Bature ba ya zama a zaure bayan isha'i. Littafinsa yake dubawa, wanda bai cika awo ba a hana shi kuɗi baɗi, hanin nan kuwa shi ne taflisin wannan zamani, ba tare da alƙali ko shaidu ba. A cikin wannan hali ne ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari da ke cikin kwari, aka tayar da mutane aka mai da su kan tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Ba wanda ya lura a lokacin, amma daga ranar da gida ya zama fili mai iyaka da lamba da takarda, ya zama abin da za a iya ajiye wa mai ba da rance, a kuma iya yin gwanjonsa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa bankin raya ƙasa, BDRN, a 1961, ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa, da UNCC don rancen ƙungiyoyin manoma. Mutanen da suka koyi aiki a ƙofar kantunan Turawa su suka zama masu sayen gyaɗa da lasisi, daga cikinsu kuma, da waɗanda suka yi arziki da safarar kaya zuwa Nijeriya a lokacin yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970, aka sami rukunin attajiran da duniya ta sani da Alhazan Maraɗi, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Da farin 1973 da cutar da ta biyo baya suka kashe gyaɗa, sai suka koma kan hatsi da atamfa da taba sigari da sufuri. Tsarinsu na ubangida da bara ne. Alhaji ya ɗauki yaro, ya yi shekaru yana yi masa hidima ba albashi tsayayye, ya yi masa aure, ranar da ya ga ya isa ya yanka masa jari ko ya ba shi kaya lamuni. In yaron ya karye da gaskiya, galibi a kira shi a yi masa faɗa a sake ɗora shi, domin darajar Alhaji da yawan mutanensa ake auna ta, ubangidan da ya kai baransa kotu kuwa kansa ya tona wa asiri. In kuwa cin amana ne, ba a bukatar hukunci: magana ɗaya a masallaci da ɗaya a tasha ta isa, ba mai sake ba shi ko kwalin ashana daga nan har Kano. Da yawa daga irin waɗannan su ne ke sulalewa da asuba, a ce sun tafi bida, a shekara goma ba a ji ɗuriyarsu ba.

Sai dai rufin asirin nan da ya yi wa kasuwa amfani, da ya shiga banki ɓarna ya yi. Alhazai sun karɓi rance mai yawa a zamanin da kuɗin yuraniyom ya cika baitulmali, sau da yawa bisa suna da sanayya, da takardun gidaje a matsayin jingina. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari a Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma canja launin takardun naira cikin 'yan kwanaki, ta yadda wanda ke da buhunan tsofaffin kuɗi a Maraɗi ya wayi gari da takardun banza, iyakar kuma ba a buɗe ta ba sai 1986. Wannan ya faɗo daidai da fari, shi ya sa mutanen ƙasar nan suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Masu bin juna bashi a tsallaken iyaka suka rasa yadda za su yi, na ƙasa ya kasa biyan na sama, na sama ya kasa biyan banki. Asusun rancen manoma, CNCA, ya durƙushe a cikin shekarun nan, BDRN kuma, wanda basussukan da ba a biya ba suka yi masa katutu a duk faɗin ƙasa, aka rushe shi a 1990 aka kafa SONIBANK a gurbinsa. Ga abin mamaki: banki ne ya karye, da yawa daga manyan da suka ci kuɗinsa kuwa suna nan a gidajensu. Da ma mutane ba su ɗauki kuɗin gwamnati da nauyin da suka ɗauki kuɗin maƙwabci ba, wasu kuma suna fakewa da cewa ai da ma akwai riba a ciki, sun manta cewa haramcin riba bai halatta cinye uwar kuɗi ba. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, wanda ya ɗauko kaya lamuni daga waje ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu.

Duk wannan labarin manya ne. Karayar talaka ba ta da shela, a hankali take zuwa, kuma tana da tsari wanda kowace uwargida a ƙauyukan Tibiri ta haddace. Rumbu ya ƙare tun kafin a yi noman farko, sai a je wurin mai hali a karɓi falle, dami ɗaya a biya biyu da kaka, ko a karɓi kuɗi a kan tiya kaza ta gero bisa farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Kaka ta zo, mai bashi ya riga kowa zuwa bakin gona, abin da ya rage ba zai kai bazara ba, sai a koma. Daga nan a sayar da kaji, a sayar da jar akuya, wadda ita ce bankin matan Maraɗi, sa'an nan kwanonin jere da shari'a ta ce ba mai ikon taɓawa, amma mace ta fid da su da hannunta don kada a ji kunyar mijinta a gari. Sai amalanke da shanun huɗa, sai gamana, watau 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa, daga ƙarshe a jinginar da gonar gado. Jinginar gona ta al'ada kuwa ita ce mai kuɗi ya riƙe gona yana nomawa yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif, ba a rage kome saboda abin da ya ci. Malamai sun daɗe suna cewa wannan rance ne da ya jawo amfani, domin a mazhaba amfanin abin jingina na mai shi ne, amma yunwa ba ta jiran fatawa. Mutumin da aka karɓe masa gonar da zai noma ya biya, da me zai fanshe ta? Haka jingina take rikiɗa ta zama sayarwa, a ƙara masa 'yan jikkuna a rubuta takarda. A nan ne nake ganin al'ada ta fi littafi tsanani, gama alƙalin Muhtasar yana bar wa muflisi abincin iyalinsa, yana kuma raba asara tsakanin masu bi, amma a wannan hanya wanda ya fi kusa da ƙarfi shi ke kwashe duka. Yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi alhali kasuwanni cike suke da hatsi, ta tura gonaki masu yawa ta wannan hanya zuwa hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan birni.

Jiratawa, kudu da birni, ta ga wani salo na dabam. A farkon shekarun 1980 aka shirya mata filin noman rani na kimanin eka 500 ta ma'aunin Faransa, da rijiyoyin burtsatse masu jan ruwa da lantarki, a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Kowane manomi da ɗan yankinsa, kowace kaka kuma da kuɗin ruwa da zai biya, wanda a cikinsa ake fid da na lantarki da gyaran injuna. Ƙa'ida ita ce wanda ya kasa biya a karɓe yankin a ba wani. Ga mutumin da kakanninsa suka noma wannan fadama tun ba a san injin ba, wannan hukunci ne mai ɗaci, don haka da yawa sukan gwammace su ba wani mai kuɗi haya ko jingina a ɓoye, ya biya kuɗin ruwa, sunansu dai ya zauna a littafi, su kuma su koma 'yan ƙodago a cikin zogalen da ke tsirowa a gonarsu.

An yi ƙoƙarin toshe wasu daga cikin ramukan nan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda ya ɗauki tsohon adashi ya yi masa akwati da ƙa'ida, mata su tara su ranta wa juna, tsarin da daga nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu rubuta takardar jinginar gona, don kada bayan shekara ashirin 'ya'yan mai riƙo su ce saye ubansu ya yi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka shigo da dabarar ajiye hatsi a sito mai kwaɗo biyu a karɓi rance a kansa, a fanshe shi da bazara lokacin da ya yi daraja, wanda in an duba rahani ne, watau jingina, irin na littafi, an sa masa sabuwar riga.

Dokar da ke hukunta karayar arziki a Nijar yau ba a Yamai aka rubuta ta ba. Ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, mai ƙasashe 17 da babbar kotu a Abijan. An zartar da dokar a 1998, ta fara aiki a farkon 1999, aka sake gyara ta a 2015. Ta tanadi sulhu tun kafin a kai ga kasa biya, da farfaɗo da kasuwancin da bai mutu ba, da sayar da dukiya a raba in ya mutu, a hannun wakilin da kotu ta naɗa. Wanda kuma aka kama da almundahana ana iya hana shi ciniki da riƙon kamfani har shekara 10. Mai karatun Tuhfa ba zai ji baƙunci a cikinta ba, gama ɗaure hannu, da faɗowar ajali, da fifita mai jingina, da rabo gwargwado duk suna nan. Gyaran 2015 ya buɗe ƙofa ga manomi da mai sana'ar hannu da duk mai cin gashin kansa, ya kuma sauƙaƙa hanya ga ƙananan 'yan kasuwa, ko da yake mai tebur a kasuwar Maraɗi wanda bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, sulhun fadar Sarki ko zauren limami ya fi masa kusa da wannan ƙofa.

Wanda aka bari a waje shi ne mai cin bashi don gida: malamin makaranta da ya karɓi rancen banki a kan albashinsa ya yi ginin da bai ƙare ba, ma'aikaciyar asibiti da ta ɗauki babur biya sannu sannu, magidancin da ragon layya da kayan ɗakin 'ya da kuɗin magani suka haɗu a kansa a shekara ɗaya. Faransa, wadda aka kwaikwayi dokokinta, ta yi wa irin waɗannan tanadi tun 1989, da kwamitin da ke tara basussukan magidanci ya tsara masa biya ko ya rage masa, amma wannan bai ƙetaro ba. Abin da ke kare shi a nan shi ne iyakar da doka ta sa a kan kason albashin da za a iya kamawa, da 'yan kayan masarufin gida da ba a ɗauka, da iyakar ruwan rance da hukumomin kuɗi na Afirka ta Yamma suka sa, wadda a 2014 aka tsayar da ita a kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusai, amma ba ta kai ga mai ba da falle ba. Sauran kuwa kowane mai bi da ƙafarsa yake zuwa. Banki ya cire nasa tun albashi bai fito ba, mai gidan haya ya aiko yaro ran biyar ga wata, uwar adashi ta yi sallama da magariba, mai kantin unguwa kuma, wanda ba shi da jingina ba shi da takarda sai ɗan littafin makaranta da ya rubuta shinkafa da mai da sabulu a ciki, shi ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa shi ne wanda akan gani ya matso kusa da dattijon nan bayan an yi shela, da littafinsa a aljihu.